Kunnen Baba na Dama

Litinin, 10 ga Janairu, 1994

Yau majalisar jiha ta dawo zama, Baba ya sake hawa kujerar Kakaki, shekara ta shida ke nan. Mama ta hana ni zuwa makaranta, ta cusa ni cikin wata shuɗiyar riga mai ƙaiƙayi a wuya, muka hau benen 'yan kallo. Jarrabawar lissafi na rasa a kan wannan.

Abin da nake gudu shi ya faru. Yana ɗaukar gudumar da Kakaki ke buga tebur da ita ya ɗaga kai ya ce, "Ga matata can, ga kuma 'yata Twila, ita kaɗai ce a faɗin jihar nan ba ta taɓa katse ni ina magana ba." Aka yi dariya, aka tafa, dole na miƙe. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sun sake tsohon barkwancinsu. Kunnen Baba na dama ya mutu tun yana yaro, bindigar farauta ce ta tashi daf da kansa, kuma kujerun 'yan adawa a damansa suke. Wani cikinsu ya ce, "Vern, bana ma ba za ka ji mu ba?" Baba ya kafa hannu a kunne ya ce, "Na'am? Akwai mai magana ne?" Duk shekara sai sun yi, duk shekara sai sun ƙyalƙyale kamar yau suka fara ji.

Ni ma ina da amfanin da nake yi da kunnen nan, ba wanda ya sani. In muna cikin akori-kura yana tuƙi, a damansa nake. Tun ina ƙarama duk abin da ba zan iya faɗa masa ido da ido ba, a nan nake faɗa, ƙasa-ƙasa, ina kallon taga. Ranar da na bar ƙofar garke a buɗe maraƙi ya ɓace, a nan na faɗa. Ranar da bai zo wasan kwaikwayonmu ba, a nan na faɗa. Sai in ji sanyi a raina, shi kuma yana ta fito abinsa.

Laraba, 19 ga Janairu

Ƙawata Carlene ta shigo aji da jarida tana huci. An kai ƙuduri majalisa: duk sakandaren da ɗalibanta ba su kai ɗari ba, a rufe ta a haɗe da ta babban gari mafi kusa. Mu a garinmu Wexley ko an haɗa da karen shugaban makaranta ba za mu kai ba. Garin Harmon za a riƙa kwasarmu, fiye da awa guda a mota, shi ma in dusar ƙanƙara ta bari.

Na ce ta kwantar da hankalinta. Ai ina wurin a watan Oktoba, a ɗakin wasanninmu, ranar da Baba yake soya wa mutanen mazaɓarsa fanke. Ni ce mai raba faranti. Ya tsaya ƙarƙashin kwandon ƙwallo ya ce, "A ɗakin nan na koyi faɗuwa, a nan na koyi tashi. Muddin guduma tana hannuna, ba mai sa wa makarantar Wexley kwaɗo." Har da masu share hawaye.

Carlene ta ce, "To ki tambaye shi mana." Kamar abin wasa ne.

Asabar, 22 ga Janairu

Baba ya dawo hutun ƙarshen mako. Sau uku ina buɗe baki a teburin abinci ina rufewa. Mama ce ta lura ta ce, "'Yarka tana son jin labarin ƙudurin makarantu." Bai ma ajiye cokali ba. Ya ce, "Tsako, ƙuduri kamar ƙwan kifi ne, dubu ake zubawa, biyu ke ƙyanƙyashewa. Wannan a kwamiti zai mutu. Miƙo dankalin nan."

Shekarata goma sha shida, har yanzu Tsako.

Alhamis, 3 ga Fabrairu

Ƙudurin bai mutu ba.

Juma'a, 4 ga Fabrairu

A darasin sanin gwamnati Malama Pohl ta zana a allo yadda ƙuduri yake tafiya. Ta ce Kakaki ne yake zaɓar kwamitin da za a kai kowane ƙuduri. In yana so ya mutu, ya san inda zai kai shi ya kwana har abada. In yana so ya rayu, nan ma ya sani. Namu an kai shi kwamitin da ɗan babban birni yake shugabanta, abokin Baba, wanda ya taɓa zuwa gidanmu farautar agwagi ya cinye mana kek ɗin tuffa.

Ba ta kalle ni ba, Allah ya saka mata. Sauran ajin ne suka kalle ni, duka.

An rubuta GIMBIYA da jan fenti a jikin kabad ɗina. Na goge har farcena ya karye, inuwar rubutun tana nan. Ni da nake tashi tun duhu in ba kaji abinci kamar kowa! Ni na kai ƙudurin? Ni ke riƙe da guduma?

Lahadi, 13 ga Fabrairu

A coci layinmu ya zama kamar na masu ƙyanda, ba wanda ya zauna kusa. Baba bai zo ba, wai aiki ya riƙe shi a birni. Shi ya yi ɓarna, mu ke shan harara.

A hanyar gida Mama ta ce in daina kumbure-kumbure, ban san komai ba. Wai asibitin Harmon yana daf da rufewa, inda ake wanke wa Kaka ƙoda sau biyu a mako. 'Yan majalisar birni sun ce za su tsaya wa asibitocin karkara in Baba ya bar musu ƙananan makarantu. Ta ce, "Makaranta ko kakarki, zaɓi ɗaya in kin isa."

Carlene kuma ta ce kawunta mai shagon abincin dabbobi ya ji wani labari dabam. Wai 'yan birni sun gaya wa Baba in bai ba su wannan ba, baɗi wani za su ba guduma. Ta ce, "Tsohonki ya sayar da mu ya sayi kujera, ke kuma kina ta kare shi."

Ban kare shi ba. Shiru na yi. A wurinta duk ɗaya ne.

Wanne ne gaskiya? Kuma in na Mama ne, me ya hana shi zuwa ɗakin wasannin nan ya faɗa da bakinsa, kamar yadda ya yi alkawarin da bakinsa?

Talata, 22 ga Fabrairu

Na tsani kaina yau fiye da yadda na tsani kowa.

Kwamiti ya buɗe ƙofa ga jama'a, kowa minti biyu. Malama Pohl ta kai mu mu shida. Mako guda ina shirya jawabina, na haddace shi tsaf, na karanta wa kaji har sun gaji. Akwai wata jimla da nake ji da ita: garin da aka ɗauke wa makaranta, fitilarsa aka kashe, sauran gidajen jiran barci kawai suke yi.

Aka kira sunana. Na tsaya gaban makirufo. Na ga fuskokinsu a jere, wani yana cin gyaɗa, wani yana karanta jarida a ƙarƙashin tebur. Ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Ina jin numfashina yana fita ta lasifika. Ban san iya lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Sai shugaban ya yi murmushi ya ce, "Mun gode, 'yan mata, wannan shi ne jawabi mafi daɗi da muka ji yau. Ki gaishe da babanki." Suka yi dariya.

Dariya!

Carlene ta yi nata, ta yi kyau, har mai gyaɗar ya ɗago kai. A mota ta wuce ni ta je can baya ta zauna. Tun muna aji ɗaya na firamare kujera ɗaya muke zama.

Asabar, 26 ga Fabrairu

Mun je sayen gishirin shanu ni da Baba. Daga ƙofar gona har gada na karanta wa mataccen kunnen jawabina duka, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na gama na ƙara da abin da ba ya ciki. Na ce, "Maƙaryaci. Matsoraci. Na ji kunyar sunanka da nake ɗauke da shi."

Ya daina fito. Sai ya ce, "Tsako, mu tsaya mu sha koko mai zafi?"

Na ce na ƙoshi. Ga amfanin magana da bango.

Laraba, 9 ga Maris

Ƙudurin ya fito daga kwamiti. Wasu sun fara zancen launin rigar 'yan ƙwallon Harmon. Mu da muka yi shekara da shekaru muna yi musu ihu!

Litinin, 14 ga Maris

Akwai sauran numfashi. Malama Pohl ta ce Opal Dietz, tsohuwar 'yar adawar nan mai kiwon shanu daga yamma, za ta kawo gyara ranar Alhamis: duk makarantar da ta yi nisa da babban gari a ƙyale ta. Wexley tana ciki. Wai har 'yan jam'iyyar Baba na karkara sun yi mata alkawari a ɓoye, ƙuri'unta sun isa.

Ta bayyana mana yadda ake yi. Gyara irin wannan da baki ake jefa masa ƙuri'a. Masu so su ce i, masu ƙi su ce a'a, Kakaki ya saurara ya faɗi ɓangaren da ya fi ƙarfi. Amma in ɗan majalisa ko guda ya miƙe ya ce a ƙirga kafin guduma ta sauka, dole a ƙirga, kowa da sunansa.

Carlene ta ɗaga hannu ta ce, "In Kakakin bai ji ba fa, Malama?" Aka yi dariya. Malama ta ce, "Muryar Opal Dietz tana kiran saniya daga tsallaken kwari. Zai ji."

Baba ba zai yi kamar bai ji ba. Duk abin da ya yi, wannan ba zai yi ba. Ba sai ya taimake mu ba ma, ya tsaya kawai ya bari a ƙirga.

Alhamis, 17 ga Maris

Sai na rubuta, kada gobe wani ya gaya mini ba haka aka yi ba.

Motar bas biyu muka cika daga Wexley, ɗalibai da iyaye da manoma riƙe da hulunansu. Muka cika bene. A ƙofa an gargaɗe mu: ba tafi, ba magana, wanda ya yi a fitar da shi. Na zauna a layin gaba, Carlene can nesa.

Bayan abincin rana aka zo kanmu. Opal Dietz ta miƙe, ba ta ja zance ba. Ta ce yaron da zai bar gida da duhu ya dawo da duhu ba karatu aka ba shi ba, hanya aka ba shi. Ta zauna.

Baba ya ce, "Masu goyon bayan gyara su ce i."

Ginin ya amsa. Na ji shi a ƙafafuna ta cikin katako. Daga dama, daga hagu, har da mutanensa.

"Masu ƙi su ce a'a."

Wasu 'yan tsiraru, kamar masu mura. Wani manomi kusa da ni ya matse hularsa ya ce, "Mun ci, wallahi mun ci."

Ita tsohuwar ta san shi fiye da mu. Kafin a'a ta gama fita tana tsaye, tana ɗaga hannu. "A ƙirga, mai girma Kakaki! A ƙirga!" Ko matattu sun ji.

Na ga abin da ya yi da idona. Ya juya kansa hagu a hankali, kamar magatakarda yana yi masa raɗa, ya ba ta mataccen kunnen. Ya ce, "Masu a'a sun rinjaya." Ƙwas! Guduma ta sauka.

Wani a ƙasa ya ce, "Kin tsaya a ɓangaren da ba shi ba, Opal!" Wasu suka yi dariya. Dariyar nan tasu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryar da ta ƙi fita gaban mutum goma ta fita gaban majalisa guda. Na ce, "Baba, ka ji ta! Kowa ya ji ta! Ka ji ta!"

Bai ɗago nan da nan ba, ya gyara takardun gabansa tukuna. Sannan ya ce, da muryar aiki, "Sajan majalisa, a fitar da yarinyar da take ta da hayaniya a bene."

Yarinyar.

Sajan ɗin tsoho ne, tun ina ƙarama yake ba ni alewa in na zo. Ya kama gwiwar hannuna a hankali yana cewa, "Yi haƙuri, Twila, ƙa'ida ce, yi haƙuri." Mutanen Wexley duka suka tashi suka biyo ni, takalma suna ƙara a matakala. A lokacin na ji daɗi. Sai daga baya na gane mun bar musu benen fayau. Muna tsaye a waje cikin sanyi suka zartar da ƙudurin, ba ko mutum ɗaya namu da ya ga wanda ya ɗaga hannu.

Ni da ke nesa a sama ya ji ni. Ita da ke gabansa bai ji ta ba.

Juma'a, 18 ga Maris

Hotona a jarida, baki buɗe kamar ɗan tsuntsu. Yau kowa yana gaishe ni. Wanda nake zargi da fentin nan ya buɗe mini ƙofa. Carlene ta dawo kujerarmu, ta raba burodinta biyu ta tura mini rabi. Na ci, don ina jin yunwa. Amma ina jin haushinsu su ma. Sai da na tsaga ubana a bainar jama'a na zama mutum a wurinsu? Kuma makarantar fa, ihun ya hana a rufe ta?

Baba ya bugo waya. Mama ta miƙo mini, na tafi wajen kaji.

Laraba, 6 ga Afrilu

Gwamna ya sa hannu. An ba Baba alƙalamin da ya sa hannun da shi. Ya kawo shi gida, bai nuna wa kowa ba.

Lahadi, 24 ga Afrilu

Asibitin Harmon ya tsira, an faɗa a rediyo. Kaka ta ce, "Ɗana ne ya yi." Na gyara mata bargo. Hannunta duk tabon allura.

Kawun Carlene ya fito takara da Baba a zaɓen fid da gwani. Abin da ya rubuta a allunansa: INA DA KUNNE BIYU.

Ni da Baba wata guda ke nan ba abin da ke haɗa mu sai miƙo gishiri. In za shi gari ba na binsa.

Juma'a, 27 ga Mayu

An rufe makaranta. Mun kwashe kofunan ƙwallo a kwali, ba wanda ya san inda za a kai su. Malama Pohl ta share allo tas, sannan ta tsaya tana kallonsa. Kwaɗon ma sabo ne, da takardar farashi a jiki.

Talata, 7 ga Yuni

Ya faɗi. Shekara goma sha takwas a majalisa, mai sayar da dussa ya kayar da shi. A Wexley ko kashi ɗaya cikin huɗu bai samu ba. Na ɗauka zan yi murna. Na gode Allah shekaruna ba su kai na zaɓe ba, ba wanda zai tambaye ni wa na zaɓa.

Asabar, 11 ga Yuni

Dole a cire allunan kamfen daga bakin hanya. Duk masu cin fanke ba wanda ya zo. Mama ta ce in bi shi, tunda na sami lasin tuƙi in tuƙa, shi ya riƙa sauka yana cirewa.

Sai da muka hau titi na gane. Ni ke tuƙi, shi ke damana. Lafiyayyen kunnen ne yake fuskantata. Shi ma ya gane, ya ce, "Yau kina ɓangaren da ke aiki, Tsako, ki yi hankali."

Ban yi dariya ba. Mun cire wajen goma. Wani allon an harbe shi da bindiga, wani an zana masa ƙaton kunnen jaki. Ya daɗe yana kallon wannan, ya ce mai zanen yana da hannu.

Na ce, "Don asibiti ne ko don guduma?"

Ya ce, "Duka biyun. Na daɗe ina gaya wa kaina na farkon ne kaɗai."

"Ka ji Opal Dietz."

"Na ji ta."

"Da an ƙirga fa?"

"Da kun ci."

Haka kawai. Da ƙarya ya yi mini da na san abin da zan yi da ita.

Muka zo wucewa ta gaban makaranta, ciyawa har ta fara cin filin ƙwallo. Yana kallon taga ya ce, ƙasa-ƙasa, "Garin da aka ɗauke wa makaranta, fitilarsa aka kashe."

Na taka birki, allunan baya suka zube. Jimlar nan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kaji da mataccen kunne.

Ya ce, "Kunnen ya mutu da gaske. Amma motar ƙarama ce, gilashi yana dawo da magana."

Na ce tun yaushe. Ya ce tun ranar maraƙi.

Duka ke nan. Wasan kwaikwayo. Maƙaryaci. Matsoraci. Ya ji, ya tambaye ni ko zan sha koko! Na ce me ya sa bai taɓa amsawa ba. Ya ce, "Da na amsa, da kin daina."

Wannan ba hujja ba ce, kuma na gaya masa. Na gaya masa ya yi mini abin da ya yi wa Opal Dietz, shekara goma yana yi mini. Na kashe mota a gefen hanya na faɗi duk abin da ke cikina, da ƙarfi, ina kallon idonsa, har wata mota ta rage gudu tana leƙenmu. Bai juya kansa ba. Ko sau ɗaya. Da na gama ya ce, "Twila, saura allunan hanyar gada." Ban san rabon da ya kira ni da sunana a gida ba.

Ban yafe ba, kada in karanta wannan wata rana in ɗauka na yafe. Watan Satumba motar Harmon zan hau da duhu, shi ya jawo.

Litinin ranar wankin ƙodar Kaka ce, yanzu ba shi da aikin da zai hana shi kai ta. Ya ce zai tuƙa. Na ce a'a, ni zan tuƙa. Don hannuna ya saba da tuƙi ne kawai.